Dillalin da bai taɓa taka kara ba

Ƴan uwa fataken shanu, da dillalai, da masu masauki, da mahauta, da duk wanda ke cin abinci a bakin kara.

Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. In akwai sana'ar da maganar nan ta zauna daram a kanta, to tamu ce. Makiyayi yakan saki bajiminsa a Abalak ko Bakin Birji a ba shi rabin kuɗi, saura sai kasuwa mai zuwa. Falke yakan loda tirela ya nufi Ikko alhali ba duk shanun da ke ciki ya biya ba. Mahauci yakan ja sa da safe, sai ya sayar da nama sannan ya kawo kuɗi. Da za a ce yau kowa ya biya lakadan kafin ya kama igiya, da rabin kara ta watse kafin azahar.

To, wannan tsohon zance ne, kowa ya san shi. Sabon zancen shi ne, a ƴan shekarun nan da yawa daga cikinmu sun fara taka ƙofar banki da ƙananan asusun ba da lamuni, wani don kuɗin turkar ragunan Layya, wani don hayar mota, wani don ya ƙara jari. Sai a miƙo takardu da Faransanci, a nuna wuri a ce sa hannu nan, mutum ya dangwala ya karɓi kuɗi ya yi gaba. A cikin takardun nan akwai guda wadda ke cewa ka yarda a kai labarin bashinka wani ofishi, kuma ka yarda mai ba da bashi ya tambayi ofishin nan ko kai wane ne. Ofishin yana da fayil da sunanka, yana gaya wa banki ko kai mai biya ne ko mai taurin bashi, alhali ba ka san fuskarsa ba, shi ma bai san taka ba.

Mu a ganinmu aikin dillali ofishin nan yake yi, sai dai dillali ne wanda ba ya ɗaukar hasara in ya yi kuskure. Saboda haka gudunsa ba zai fisshe mu ba, sakin jiki da shi ma ba zai fisshe mu ba. Abin da ya rage mu san yadda yake aiki, mu tsare sunanmu a wurinsa da kanmu.

DILLALINMU NA GADO

Kafin mu je nesa, mu duba abin da ke hannunmu. Falke ya sauka Badun ko Kumasi da shanu hamsin, bai san mahauci ko ɗaya ba, harshensu ma ba lalle ya ji ba. Me ya sa yake sakin dukiyarsa ga baƙon ido ya koma masauki ya yi barcinsa? Saboda mai gidansa. Mai gida da yaransa dillalai sun san kowane mahauci ciki da bai: shanu nawa yake yankawa a mako, a wace rumfa yake sayarwa, gidaje nawa ke binsa, ran da ya yi latti da abin da ya jawo lattin. In mahauci ya ci kuɗin wani, kafin la'asar labari ya zaga, gobe ba mai sakar masa ko maraƙi.

Wani Bature mai nazarin zaman jama'a, Abner Cohen, ya zauna a unguwar Sabo ta Badun a 1962 da 1963 yana duba wannan tsari. Ya tarar ana sayar da shanu kimanin 75,000 a shekara a kasuwar, kusan dukansu bashi, ba takarda, ba alƙali. Abin da ya riƙe ginin shi ne, in mahauci ya gudu, mai gida ne zai biya falke daga aljihunsa. La'adar da yake ci ladan kuturu ce, dole ya yi aski. Shi ya sa ba ya yabon mutum da ka, kuma ba ya ɓata mutum da ka, domin kowanne ya yi a jikinsa zai ji.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Turawa ma da irin wannan suka fara. A 1841 wani ɗan kasuwar siliki a birnin New York, Lewis Tappan, wanda karayar tattalin arziki ta 1837 ta durƙusar da gidan kasuwancinsu, ya buɗe ofishi mai suna Mercantile Agency, ba ya sayar da komai sai labarin masu neman kaya bashi. Ya sa wakilai a garuruwa, yawancinsu lauyoyi, suna aiko masa da bayanin kowane mai kanti: jarinsa, halinsa, ko yana shan giya, ko yana caca. Abraham Lincoln ma, tun yana lauya kafin ya zama shugaban Amurka, ya yi irin wannan wakilci. Daga ofishin nan ne kamfanin Dun & Bradstreet ya fito, wanda har yau yana nan.

A 1899 wasu ƴan uwa biyu suka buɗe Retail Credit Company a birnin Atlanta, su kuma suka mai da hankali kan talakawa masu cin bashin kanti. Kamfanin ya girma har ya tara fayil na miliyoyin mutane, kuma ba labarin biya kaɗai yake rubutawa ba, har da tsegumin maƙwabta: zaman auren mutum, shaye-shayensa, da wa yake hulɗa. Ana hana mutum aiki ko inshora saboda maganar da bai taɓa ji ba, balle ya kare kansa. Da aka fara zuba fayilolin nan cikin kwamfuta, sai ƙorafi ya yi yawa, majalisar Amurka ta zauna, a 1970 ta yi doka. Dokar ta ba mutum ikon sanin abin da aka rubuta a kansa, da ikon musantawa a bincika, kuma ta ce yawancin baƙin labari ba zai wuce shekara 7 ana yawo da shi ba. A 1975 kamfanin ya sake suna ya koma Equifax. Shi da Experian da TransUnion su ne manyan uku da ke riƙe da fayilolin Amurkawa yanzu.

Jama'a, ku lura da abu guda a tarihin nan. Shekara saba'in kamfanin ya yi yana rubuta mutane kafin a ba mutanen ikon leƙa abin da aka rubuta, kuma ba don kirkinsa ya ba da ba, sai da aka yi kuka hukuma ta tilasta.

YADDA YAKE AIKI

Aikin ofishin ƙafa huɗu gare shi.

Ta fari, tarawa. Ofishin ba ya ba kowa bashi kuma ba ya zuwa karɓar bashi. Bankuna da sauran masu ba da lamuni ne ke aika masa da jerin mutanensu, galibi wata-wata: suna, lambar katin shaida, nawa aka ba ka, yaushe, nawa kake biya, nawa ya rage, kwana nawa ka yi latti, me ka jinginar, wa ya tsaya maka. Tsarin ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne, wanda ya kawo labarin mutanensa shi ke da ikon ganin na wasu.

Ta biyu, haɗawa. Na'ura ce ke ɗauko abin da bankin Maraɗi ya aiko da abin da asusun Tawa ya aiko, ta duba suna da ranar haihuwa da lambar kati, ta yanke cewa mutum guda ne, ta zuba su fayil guda.

Ta uku, maki. Na'urar tana gwada halin biyanka da na dubban mutanen da suka gabace ka, ta fitar da lamba guda wadda ke nuna ko irinka sukan biya. A Amurka makin da ya fi shahara shi ne na FICO, wanda aka fito da shi a 1989, yana tashi daga 300 zuwa 850. Kashi 35 cikin 100 na makin daga biya kan lokaci yake fitowa, kashi 30 daga yawan bashin da ke wuyanka, kashi 15 daga daɗewarka kana hulɗar bashi, sauran kashi 20 kuma daga sabon bashin da kake nema da ire-iren bashin da ka taɓa ci. Kowace ƙasa da irin lissafinta, amma a ko'ina latti shi ne babban abin da ke kayar da maki.

Ta huɗu, sayarwa. Ran da ka je neman bashi, ma'aikacin banki zai buga sunanka, ofishin ya turo masa takardar tarihinka, banki ya biya kuɗin aikin. Daga nan banki ne zai yanke ko a ba ka, ko a hana ka, ko a rage, ko a ce ka ƙaro jingina. Ku dubi tafiyar kuɗin da kyau. Banki ne ke biyan ofishin, banki ne abokin cinikinsa. Mu kuwa sunanmu ne hajar da ke kan tabarma.

YA RIGA YA ISO GARE MU

Kada wani ya ce wannan zancen Turai ne. A 2013 ministocin kuɗi na ƙasashe takwas masu amfani da sefa a Afirka ta Yamma suka amince da tsarin doka guda kan irin wannan ofishi, wanda ake taƙaita sunansa da BIC, kowace ƙasa kuma ta mai da shi dokarta, Nijar a ƙarshen 2014. Babban banki BCEAO ya ba kamfanin Creditinfo VoLo lasisi a 2015, ya fara aiki a watan Fabrairu na 2016, hedikwatarsa a Abijan. Yanzu Creditinfo West Africa ake kiransa. Ma'aji guda ne ga Nijar, Benin, Togo, Burkina Faso, Mali, Senegal, Kwaddibuwa da Gini Bisau. Wato wanda ya bar bashi a Kwatano ya taho Yamai, bashin ya riga shi isowa.

Dokar ta ɗora wa bankuna da manyan asusun ba da lamuni su riƙa kai labari kuma su riƙa tambaya kafin su ba da bashi, ta kuma buɗe ƙofa ga kamfanonin ruwa da lantarki da tarho su kai nasu. A ɗaya hannun ta ba mu namu haƙƙi. Sai da yardarka ake kai labarinka. Kana da ikon karɓar takardar tarihinka kyauta sau ɗaya a shekara. Kana da ikon musanta abin da ba daidai ba a gyara. Ba a yawo da labarin da ya wuce shekara 5. Kuma abin da ya shafi bashi ake kaiwa, ba kuɗin ajiyarka ba, ba addininka ko ƙabilarka ko jam'iyyarka ba.

Masu asusu a tsallaken iyaka su ma su sani. A Nijeriya akwai irin ofishin nan guda uku, CRC da FirstCentral da CreditRegistry, da dokar da aka yi musu a 2017, ga kuma lambar BVN da aka fito da ita a 2014 wadda ta ɗaure duk asusun mutum a igiya guda. A Gana tun 2007 suka yi tasu dokar. Duk inda shanunmu ke sauka, an riga an buɗe littafi.

ABIN DA KE CIKINSA NA ALHERI

Gaskiya ɗaya ce, ofishin yana da amfani, kuma mu ne ya kamata mu fi kowa ganewa. Wane ne a cikinmu bai san irin mutumin nan ba da zai ci kuɗin mutane a Sabon Mashi, ya ɓulla Badagishiri da sabuwar riga da sabon rawani, ya sake cin na wasu? Irinsu ne suka sa banki ke yi wa kowa kallon ɓarawo, yana neman takardar gida kafin ya ba da abin da bai kai kuɗin shanu biyar ba. In mai ba da bashi ya iya rarrabe mai biya da mai gudu, mai biya ya samu sauƙi. Yaron da ba shi da gida a birni, ba shi da uban gida mai suna, amma ya ci bashi sau uku ya biya sau uku a kan lokaci, yanzu yana da abin nunawa, sunansa ya zama jinginarsa. Haka kuma ofishin yana tsare mutum daga kansa, domin wanda ke cin bashin nan ya biya na can, in aka gan shi da wuri aka tsayar da shi, an yi masa gata kafin ramin ya yi zurfi.

INDA GIZO KE SAƘA

Amma fa akwai wurare biyar da abin ke yi mana ciwo.

Na ɗaya, ofishin abin da aka rubuta kaɗai yake gani. Dattijon da ya shekara talatin yana ɗaukar shanun miliyoyi a kan kalmar baki, bai taɓa cin ko dala ta kowa ba, in aka buga sunansa fayil fari fat zai fito, kamar yau aka haife shi. Ma'aikacin da ya ci bashin babur ya biya daga albashi ya fi shi daraja a idon na'ura. Amma ran da dattijon nan ya ci bashin banki karo guda ya yi lattin wata biyu, wannan kam za a rubuta. Alherinmu na shekaru yana cikin kara inda ba mai rubutawa, tuntuɓenmu na rana guda yana cikin kwamfuta.

Na biyu, ofishin yana ƙirga kwanaki amma ba ya tambayar dalili. A watan Agusta na 2019 Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, ba ta buɗe ba sai Disamba na 2020. Bayan juyin mulkin Yuli na 2023 aka sake rufe iyaka tsakaninmu, sai Maris na 2024 aka buɗe. A tsakiyar 2023 ɗin kuma aka saki naira ta faɗi, wanda ya sayar a Maigatari ko Illela ya canjo kuɗinsa ya tarar ko uwar kuɗi ba ta dawo ba. Mai gida ya san duk wannan, domin shi ma abin ya ci shi, yakan ce a yi haƙuri da wane, ba halinsa ba ne. Na'ura kuwa abin da za ta rubuta shi ne latti kwana 90, iyakarta ke nan. Ga shi kuma ana yanka mana biya wata-wata kamar masu albashi, alhali kuɗin mai turka sai dabba ta fita suke shigowa.

Na uku, kuskure. A Amurka, inda kowa ke da lamba tun yana jariri, hukumar kula da ciniki ta tarayya ta fitar da bincike a 2013 wanda ya nuna mutum ɗaya cikin biyar yana da kuskure a takardarsa, ɗaya cikin ashirin kuma kuskuren ya kai ya sa a tsawwala masa wajen bashi. To ina ga mu? Mutum guda a kati Mahamadu, a banki Mamman, a fasfo Muhammadu. Rabin kara an rubuta musu ranar haihuwa 1 ga Janairu saboda ba a san ranar ba. A gari guda sai ka samu mutum goma suna ɗaya, sunan uba ɗaya, shekara ɗaya. In na'ura ta ɗaura maka bashin takwaranka, ba za ta aiko ta gaya maka ba, sai ran da kake tsananin bukata a ce maka fayil ɗinka bai yi kyau ba. Haka in ka biya amma ma'aikaci ya yi sakaci bai aika cewa ka biya ba.

Na huɗu, ƙaramin bashi mai ɓata babban suna. A Kenya bashin salula ya yawaita, mutane suka riƙa cin ƴan kuɗin da ba su taka kara sun karya ba, su manta, a jefa sunansu cikin baƙin littafi. Abin ya kai a watan Afrilu na 2020 babban bankin ƙasar ya ce a cire sunan duk wanda bashinsa bai kai shilin 1,000 ba, ya kuma hana masu ba da bashin salula marasa lasisi kai sunayen mutane. In ka ga gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Na biyar, tsaron sirri. A 2017 ɓarayin intanet suka fasa ma'ajin Equifax suka kwashi bayanan mutum kimanin miliyan 147. A 2019 kamfanin ya amince ya biya abin da zai iya kaiwa dalar Amurka miliyan 700, amma bayanin da ya fita ya fita ke nan. Mu da ke yawo da dukiya a hanyoyin da kowa ya san halinsu, ba ƙaramin abu ba ne a ce sunan mutum da adireshinsa da girman hulɗarsa suna ajiye wuri guda.

Duk biyar ɗin nan tushensu guda. In mai gida ya yabi mugu, shi zai biya. In ya ɓata mutumin kirki, ya rasa ciniki, kuma gobe za su haɗu a masallaci. Ofishin nan kuwa in ya ɓata ka bisa kuskure, kasuwar Layya ta wuce ka, shi ko dala bai rasa ba, an ma riga an biya shi kuɗin takardar da ta kayar da kai. Wanda kuskure ba ya ci masa aljihu ba ya gaggawar gyara, sai mai abin ya tashi tsaye.

MASU CEWA A ƘAURACE

Akwai ƴan uwa da ke cewa maganin abin mutum ya nisanci banki gaba ɗaya, wasu saboda kuɗin ruwa, wasu saboda ba sa son hukuma ta san cikinsu. Wannan ra'ayinsu ne kuma muna girmama shi. Sai dai su sani ba sai ka ci bashi da hannunka sunanka ke shiga ba. In ka tsaya wa ƙanenka, ka shiga. In kuna ƙungiyar turka ta mutum goma kuka ɗauki lamuni da sharaɗin kowa ya tsaya wa kowa, guda ya kasa, abin zai iya shafar goman. Bankin da ba ya cin ruwa ma banki ne, doka guda ke kansa. Kuma ƴaƴanmu da za su gaji sana'ar nan a duniyar takarda za su yi ta, ko mun so ko mun ƙi. Rubuta bashi ma ba baƙon abu ba ne gare mu, tunda ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani a kansa ta sauka. Mu ne muka bar rubutun, wasu suka ɗauka, yanzu suna rubuta mu.

ABIN DA MUKE KIRA A YI

Ga kowane ɗan uwa. Kada ka sa hannu a takardar da ba a karanta maka ba, ka tafi da yaronka ko wani amintacce mai jin Faransanci. Ka daidaita sunanka, yadda yake a katin shaida haka zai zama a ko'ina, harafi da harafi. Kada ka ara wa kowa katinka ko layin salularka ya ci bashi da shi, ko ɗan cikinka ne. Kafin ka tsaya wa mutum ka ɗauka cewa bashin naka ne. Tun wajen ƙulla magana ka nemi a sa ranar biya ta dace da fitar dabba, kuma in ka hango ba za ka iya cikawa ba, ka je tun ranar ba ta zo ba a sake tsari a rubuce, domin bayan ta wuce alƙalami ya riga ya bushe. In ka gama biya ka karɓi takardar shaidar ka gama, ka adana ta tare da rasit ɗinka kamar takardar gona. Sannan sau ɗaya a shekara, tun kafin lokacin sayen dabbobin turka, ka nemi takardar tarihinka ka sa a karanta maka. Haƙƙinka ne, ba alfarma ba ce. In an hana ka bashi, ka tambaya ko saboda abin da ofishin ya faɗa ne, in ka ga kuskure ka kai kuka a rubuce ka riƙe kwafi.

Ga ƙungiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Falke guda daga Dakwaro ba zai iya jayayya da kamfanin da ke Abijan ba, amma ƙungiya za ta iya. Muna ba da shawara kowane reshe ya ware mutum guda mai ilimin boko wanda zai koyi hanyar neman takardar da hanyar kai ƙorafi, ya riƙa yi wa membobi. Muna kuma ba da shawara a buɗe littafin bashi a kowace kara, a hannun sakatare da sanin sarkin dillalai: wane ya ɗauki shanu kaza na wane, ranar kaza, zai biya ranar kaza, ga shaidu, ran da ya biya a rubuta ya biya. A yi shi da yardar mai saye da mai sayarwa, kuma kada a rubuta kowa a matsayin mai taurin bashi sai an kira shi an ji ta bakinsa a gaban dattawa. In littafin nan ya yi shekara biyu ko uku yana tafiya da tsabta, shugabanni su ɗauke shi su zauna da bankuna su ce ga shaidar mutanenmu, a riƙa dubawa tare da takardar ofishin. Ta haka amanar da ke cikin kara za ta samu bakin magana a inda ake yanke mana hukunci.

Ga hukuma da babban banki. Muna roƙo a riƙa bayyana takardar yardar nan da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da sauran harsunanmu kafin a ce mutum ya dangwala, domin yardar da mutum bai san ya yi ba sunanta kawai yarda. A kawo wurin karɓar takarda da kai ƙorafi kusa da jama'a, kada ya zama sai wanda ya iya intanet ko ya iya zuwa Yamai. A sa tara mai zafi ga duk mai ba da bashin da ya kai labarin ƙarya ko ya ƙi gyarawa, har a biya wanda aka ɓata hasararsa. In aka rufe iyaka ko fari ya faɗa wa ƙasa, a ba da umurnin sake tsarin biya ga masu sana'ar dabbobi, kada a rubuta su cikin masu gudu saboda abin da ba su suka jawo ba.

Ƴan uwa, jarin falke na gaskiya sunansa ne. Shanu sukan mutu, kuɗi sukan karye, amma mai suna in ya shiga kara hannu wofi yakan fito da garke. Iyayenmu sun tsare sunan nan a gaban mutanen da suka san su. Mu kuma an ƙara mana aiki, sai mun tsare shi har a gaban wanda bai san mu ba. Kowa ya je ya ji abin da aka rubuta a kansa tun bukata ba ta taso ba, kuma muna fata shugabannin rassa za su sa maganar littafin kara cikin abin da za a tattauna a taro mai zuwa.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba mu ikon sauke nauyin da ke wuyanmu, ya sa albarka a kasuwa. Wassalam.